Inna da maƙwabtan gidan da ban saya ba

Shekarun baya, zamanin da in kana son jin muryar gida sai ka bi layin tarho ko ka jira alhaji ya kawo maka kaset, ina aikin haɗa magani a wani asibiti a Madina. A garinmu duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita ne, don haka Likita ake ce mini, har mahaifiyata, wadda dama ba ta faɗin sunana tunda ni ne ɗan fari. A shekarun nan ne saura ƙiris in sayar da garkar mahaifinmu in sayi wani gida a unguwar Harra ta Gabas. Yanzu da nake iya ba da labarin ina dariya, bari in ba ku.

Muna haya a Anbariyya, ɗaki biyu da falo. Da alhazai sun fara sauka, gidan ya daina zama namu. Mutanen garinmu suna da masaukinsu, amma kwana takwas ɗin da suke yi a Madina, bayan asuba ƙafarsu ba ta sanin hanyar ko'ina sai ta gidana. Sun gaji da ful, dafaffen waken Larabawa, da burodi. Matata ta dama koko, ta soya ƙosai, dattawa su jeru a falo suna kurɓa suna lumshe ido. Wata safiya wani tsoho ya ajiye kofi ya ce, "Wallahi Likita, da akwai masaukin da ake ba da wannan kullum, ko nawa ne sai mu biya." Shi dai bai taɓa biyan ko sisi ba, godiya yake yi irin ta manya. Ni kuwa na ɗauki maganar na sa a ka. Kafin alhazai su gama tafiya na gama gina masaukin a zuciyata: ɗakuna masu tsabta, koko da ƙosai da safe, ranar Juma'a a ƙara da waina.

Na san baƙo ba ya mallakar gida a Madina. Kada wani ya ce ban sani ba, na sani sarai. Amma ina da aboki da ke karatu mai zurfi a jami'a, mutumin kirki, ya haddace babin ciniki tun daga farko har ƙarshe, alhali ko akuya bai taɓa saye ba. Yana da kawu da ya daɗe a ƙasar har ya zama ɗan ƙasa. Abokina ya ce ai da sauƙi, a rubuta sunan kawu, gida kuwa nawa ne, kowa haka yake yi. Na ce madalla. Mu biyu muka zauna muka tabbatar wa juna cewa mu masu wayo ne.

Dillalin da ya samo gidan Bahaushe ne ɗan'uwanmu, haifaffen Madina, Hausarsa rabi Larabci. Ya kai mu wani bene hawa uku a cikin tsofaffin gidajen Harra, inda aka yi gini a kan baƙin dutse. Sai ka ajiye mota a bakin titi ka taka cikin lungu kafin ka isa. Na ce wannan ma alheri ne, baƙina za su yi barci ba hayaniya. Na murɗa kowane famfo, na kunna kowace na'urar sanyaya ɗaki, na hau rufi na hango hasumiyoyin Harami. Da na tambayi takarda, ya fito da wata rubutun hannu: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, iyaka gabas da yamma da kudu da arewa, shaidu da dangwalensu a ƙasa. Sak irin wadda mahaifina yake ajiyewa a akwatin ƙarfe. Ganinta kawai hankalina ya kwanta, kamar na haɗu da ɗan garinmu a kasuwa. Sakki kuwa, wato takardar mallaka ta hukuma, dillali ya ce tana hanya. Na ba da arbun, kafin alƙalami kenan, ban ko kwana a kan maganar ba.

Sauran kuɗin ba ni da shi sai an sayar da garka. Garkar nan tana bakin fadama, da mangwaro da gwaiba da rake da rijiya a tsakiya. Tun da mahaifinmu ya rasu ba a raba ta ba. Daga cikinta mahaifiyata take ci, ƙannena mata biyu ma suna samun na cefane. Na cika kaset gaba da baya ina bayani, har da yadda zan riƙa kawo su Umara duk shekara. Ƙannena suka aiko cewa Yaya ya fi su sani. Kaset ɗin mahaifiyata ya zo daga baya. Ta gaishe ni, ta gaida matata, ta faɗi wanda ya rasu da wadda ta haihu da yadda damina ta kasance. Sai da ya kusa ƙarewa ta ce, "Maganar garka kuma, sai na ga gidan da idona."

Na nema mata bizar ziyara. Ta zo, ta yi kwana uku ba ta san komai ba sai Harami, ta je ta dawo ido jawur don kuka. Rana ta huɗu da hantsi na kai ta Harra, dillali yana jiranmu da makulli. Ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene, ta tsaya a ƙasa ina ta kunna mata na'urori ina cewa, "Inna, ji sanyi." Ta ji sanyi. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Kun gaisa da maƙwabta?"

Na ce, "Inna, nan ba garinmu ba ne. Nan ofis ake zuwa a gama komai."

Ta ce, "Ofishin ne zai ji ihunka in wani abu ya same ka?"

Ta buɗe jakarta. Ashe tun daga gida ta ɗauro ƙulli huɗu, kowanne da daddawa da kuka da ɗan goro, na gabas, na yamma, na kudu, na arewa. A wurinta ba a sayen ko kangon gida sai an zaga an gaida masu iyaka da shi, an ji bakinsu. Kunya ta kama ni. Na hango kaina, mai aikin asibiti da farar jallabiya, ina bin tsohuwa gida gida da ƙullin daddawa a Madina. Dillali ma ya ce, "Ya Hajja, mutanen nan ba sa buɗe ƙofa, wallah ɓata lokaci ne kawai." Ta ce ba komai, lokacin nata ne. Nan take ya tuna yana da wani uzuri, ya miƙa mini makulli ya wuce.

Ƙofar farko ba a buɗe ba. Ta biyu wasu Larabawa ne, suka karɓi ƙullin suna juya shi suna godiya, ba su san ko mene ne ba. A ta uku, ta yamma, muka yi sallama aka amsa da Hausa. Wata tsohuwa ce tukuf, ta ce a goye aka zo da ita ta hanyar Sudan, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa da wayonta ba. Ta kwance ƙullin, ta shinshina daddawa, ta ce, "Allahu Akbar, ƙamshin ɗakin uwata." Ni ina tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Shigo ya waladi, ai kai ɗa ne." Suka yi gaisuwa kamar sun shekara hamsin da sanin juna, ina duba agogo.

Can mahaifiyata ta gyara zama ta fara tambayoyinta, irin waɗanda na sha ji ina yaro. Katangar tsakani ta wa ce? Ruwan wanki ina yake bi? Me ya sa mai gidan zai rabu da shi?

Tsohuwa ta ce, "Katanga tawa ce, 'yar'uwa. Ruwa kowa da raminsa, ma fi mushkila, ba matsala. Amma ku gaya wa mai saye, in zai riƙa kunna sanyi a duk ɗakuna mu yi magana tukuna, don wutar daga wurina take."

Na ce, "Wace wuta, Hajiya?"

Ta ce, "Ta gidan mana. Kai ne mai sayen?" Ta miƙe da sanda ta kai ni tsakar gida, ta nuna wata baƙar waya mai kauri da ta fito daga mitarta, ta hau katanga, ta shige gidan da nake kira nawa. "Gidan ba shi da sakki, ba a sa masa mita ba. Tun zamanin maigidana muke taimaka musu, saboda maƙwabtaka." Sanyin da na sa mahaifiyata ta ji ɗazu, ashe na wannan baiwar Allah ne.

Na ce ai dillali ya ce sakki yana hanya. Ta yi dariya har da tari. Ta ce tun ɗanta na fari yana makaranta yake hanya, yanzu ɗan yana da jika. Hawa na ukun ma, in ji ta, a hutun sallah aka ɗora shi da gaggawa, lokacin da masu duba gini ba sa aiki. Mahaifiyata ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "To, yaron nan masaukin alhazai yake son yi."

Tsohuwa ta dafa ƙirji. "La haula. Ai abin da ya kori mai gidan kenan. Ya zuba alhazai ba tasrihi, ba izini ya'ni. Masu dubawa suka zo suka fitar da su, suka rufe ƙofa. Bayin Allah, 'yan Indunusiya, suka zauna kan akwatunansu a lungun nan tun hantsi har la'asar. Ni na riƙa miƙa musu ruwa."

Ba mu je ƙofa ta huɗu ba, ƙullin ma tsohuwa aka ƙara wa. Muka taka har bakin titi. Sai da na tada mota mahaifiyata ta ce, "Likita, na ji a kaset ka ce sunan wani za a rubuta."

Na ce kawun abokina ne, dattijo, mai amana.

"Na ji. 'Ya'yansa nawa?"

Na ce suna da yawa.

"In ta Allah ta kasance a kansa, su wa alƙali zai raba wa gidan?"

Na ce, "Inna, ai za a yi shaidu tsakaninmu."

Ta ce, "Shi dattijon na yarda da shi tunda ka yarda. 'Ya'yan fa, ka san fuskar ko ɗaya?"

Ban sani ba. Na ji haushi ƙwarai, irin haushin da mutum ke ji in an kama shi a gaban wanda ya daɗe yana yi wa burga. Kwana biyu ina fama da cin magani a gida, ina amsa gaisuwa a taƙaice. Matata kuwa, wadda da ita za a yi suyar ƙosan nan kullum, na lura tana ƙara wa mahaifiyata nama a miya.

Na ƙudura zan je baladiyya, ofishin da ke kula da gine-ginen gari, in samo hujjar da zan rufe bakin tsofaffin nan biyu. Ku lura, sai a lokacin na tuna da ofishin da na ce a can ake gama komai. Na sami wani dattijon ma'aikaci mai jan gemu, ya ba ni kujera, ya zuba mini shayi, ya warware taswirar unguwar a kan tebur. Ya bi lungu da yatsa har ya sami gidan. Ya ce wurin na zaman iyali ne. Mai son saukar da alhazai sai ya kawo sakki da izinin gini, sai an duba matakala da hanyar fita in gobara ta tashi. Ya ɗago ya ce, "Motar kashe gobara tana isa ƙofar gidan?" Na tuna inda nake ajiye ƙaramar motata in taka. Na ce ba ta isa.

Ya ce, "Kuma kai baƙo ne, da igama kake zaune, takardar izinin zama, ko? Baƙo ba ya mallaka a garin nan."

Ni da bakina na ce, "Ai da sunan wani ɗan ƙasa za a saya."

Ya naɗe taswirarsa a hankali, ya ƙara mini shayi. Ya ce, "Ya duktur, kunnena na wannan gefen ba ya ji sosai. Sha shayinka." Sai da na kurɓa ya ƙara da cewa, "Abin nan da ban ji ba, yana cin gida, yana cin igama, wani lokaci har da mai aron sunan. Kada ka sake faɗinsa a ofis."

Na fito na zauna a mota. Abin mamaki, ba baƙin ciki na ji ba. Wani irin sauƙi ne ya sauko mini, har na kama kaina ina ta faɗin alhamdu lillahi ni kaɗai, mai motar gefe yana kallona. Arbun dai ya tafi. Dillali ya ce arbun ba ya komawa, kalas, magana ta ƙare. Abokina ya zo yi mini jaje, ya zauna ya jero mini saɓanin malamai a kan mas'alar, na ce ya riƙe iliminsa. Kawun nasa kuma da ya ji an fasa sai ya yi hamdala, ya ce dama kunya ce ta sa ya amsa.

Mahaifiyata ban ce mata ta yi gaskiya ba, girman kai bai bar ni ba. Cewa kawai na yi, "Inna, an fasa." Ta ce, "To." Ta ci gaba da jan carbinta.

Mako guda bayan haka muka tashi yin Umara. Da safe muka tsaya a Bi'ir Ali ɗaura harami. Manyan motoci sun cika filin, ko'ina talbiya ke tashi. Na fito daga wanka da fararen mayafaina biyu, matata ta shiga ɓangaren mata, na tarar da mahaifiyata zaune a kan wani dakali cikin inuwa. Ta ce, "Zo nan. Kafin in yi niyya karɓi wannan, ba na son in shiga da nauyi a zuciya."

Ta kwance wani adiko. Takarda biyu ne a ciki. Ɗaya ta garka ce, wadda mahaifina ya bari, ta yi ja don tsufa. Ɗayar sabuwa ce, an rubuta cewa magada sun yarda a sayar, ga dangwalen ƙannena, ga nata a sama. Tun kafin ta hau jirgi aka yi ta.

Na ce, "Inna, ashe da ita kika zo?"

Ta ce, "Da ita na zo. Da ka nace da na ba ka."

"Har bayan abin da tsohuwar nan ta faɗa?"

"Har bayan nan. In ka dube ni ka ce Inna ki ba ni, me zan ce maka? Ban taɓa iya hana ka abu ba tun kana goye. Sai dai in koma in san abin da zan gaya wa ƙannenka." Ta share ido da gefen hijabi. "Kukan da ka ga ina yi a Harami, rabinsa wannan ne. Roƙo nake Allah kada ya sa ka nace."

Na tsaya da takardu a hannu, harami ba aljihu, na rasa inda zan sa su, na rasa inda zan sa fuskata. Ni duk zatona ita ce katangar da ta tare ni, har ina jin haushinta. Ashe ba katanga ko ɗaya a gabana. Kwana biyun nan da na yi ina cin magani, sau nawa maganar ta zo bakina. Na yayyaga sabuwar takardar na zuba a kwandon shara, na naɗe ta mahaifina a adiko na mayar mata. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, mutane suna kallo."

Bayan wasu shekaru aikina ya ƙare, kamar yadda aikin baƙo yake ƙarewa: takarda ɗaya, da 'yan makonni na haɗa kaya. Na bar Madina ina kuka, don ba wanda ya zauna a garin nan ya fita da busasshen ido. Amma na dawo na tarar da wurin da zan tsaya in ce namu ne, ba da sunan kawun kowa ba. Gidan Harra ban san yadda ya ƙare ba, ban kuma tambaya ba.

In wani ya ce mini yau zai sayi gida don ya yi masauki, ko a ina ne, abu biyu nake gaya masa. Ya je ofis ya tambaya ko shi ɗin an yarda ya mallaka, ko wurin an yarda a yi abin da yake so, tun kuɗinsa yana aljihunsa. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, ko da hannu biyu ne ba ƙullin komai. Ni na duba famfo, na duba rufi, waɗannan biyun ne kawai na tsallake.

Mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Garka tana nan, har yau ba mu raba ba, 'ya'yan ƙannena ne suke noma ta. Mutane suna yaba mini, wai na yi shekaru a waje ban taɓa gadon gidanmu ba. Nakan amsa da godiya kawai. Ni na san takardar yardar sayarwa tana cikin jakar Inna a kujerar bayan motata, ranar da nake tuƙi ina huci daga Harra, kuma kalma biyu kawai ta rage in faɗa: ba ni.